Kajin Baba a Firij

An yi wani saurayi da ya ce shi da sanyi sun san juna.

A layinsu Injiniya ake ce masa, ba kuma wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Ya dai shiga makarantar koyon sana'a, ya koyi yadda ake kwance abu, ya fito kafin a zo kan yadda ake mayar da shi. Yanzu yana shagon gyaran firij, inda aikinsa shi ne riƙe wa Oga fitila, miƙo sifana, da cewa "dama na yi zaton haka" bayan Oga ya gano matsalar.

Mahaifinsa ya rasu kafin shigowar sanyi. Bai bar gona ba, bai bar mota ba. Ya bar tsohon keke, da bargo mai ruwan toka, da kaji shida. Irin 'yan firit ɗin nan ne da ba sa girma, kowace ba ta wuce ƙosasshiyar tattabara ba, ga gashi har kan yatsu kamar sun sa safa. Ƙwansu sai ka fasa uku kafin kasko ya san an zo. Baba don kallo yake kiwon su. In ya dawo aiki da yamma sai ya kifa bokiti ya zauna, ya kaɗa harshe, su taho suna hawa gwiwarsa. Zakaran cikinsu, Kofur yake ce masa, saboda tafiyarsa. Wadda ta fi gashin ƙafa kuwa Mai Safa. Har yanzu in yamma ta yi sukan taru wajen bokitin su zuba wa ƙofa ido. A wannan lokacin Inna takan saki labule, Injiniya kuma yakan tuna yana da wani aiki a waje.

Sanyin bana ya shigo ba sallama. Da safe numfashin mutum yana riga shi fita ƙofa, ruwan bokiti yana cizon yatsa. A irin wannan safiya Kawu, yayan Inna, ya zo gaisuwa, ya leƙa tsakar gida, ya ga akurkin katako da iska ke shiga ta tsakanin allunansa, ya girgiza kai.

"Waɗannan ba za su ga bayan sanyin nan ba. Ki ba ni su in kai gidan gonata."

Injiniya ya san gidan gonar Kawu. Duk abin da ya shiga can da fukafukai, da albasa yake fitowa. Kawu kuma ba ya raina nama, komai ƙanƙantarsa.

Inna ta daɗe tana kallon kofin hannunta. "Ni dai ba zan iya tashi in tarar da ɗaya a sandare ba, Yaya. Na gaji da tararwa. Ka zo ranar Asabar da kwando."

Nan fa bakin Injiniya ya buɗe tun kafin ya nemi shawarar kansa.

"Kawu, a gaban wa ake maganar sanyi? Ni fa sanyi sana'ata ce. Ni nake kama shi in sa a akwati, in rufe, in ce masa zauna nan. Wanda ya iya tsare shi a ciki ai ya iya tsare shi a waje."

"Kai kake kama shi, ko kai kake riƙe fitila?"

"To ai ni nake fara ganin matsalar, tunda fitilar a hannuna take. Ku ba ni zuwa Asabar ɗin. In ka zo ka tarar da kaza ɗaya tana rawar ɗari, ni da hannuna zan zuba maka su a kwando."

"Bakinka ne ya faɗa," in ji Inna.

A ranar ya dawo daga shago da farin soson nan mai ɓarɓashi da ake naɗo sabon firij a ciki, ya ɗauro shi a keken Baba har ba a ganin mai tuƙi. Ya yanka, ya liƙe akurkin da shi ta ciki, bango da rufi, fari tas.

Maƙwabciyarsu, Anti Tela, keken ɗinkinta yana bakin tagar sama mai kallon tsakar gidansu, ba abin da ke wuce ta. Ta tsayar da keken ta leƙo.

"Injiniya, me ake ginawa? Asibiti?"

"Kimiyya ce, Anti. Soson nan shi ke hana zafi shiga firij. In ya hana shi shiga, zai hana shi fita."

"To su kajin an yi musu bayani?"

Ba a yi musu ba. Da gari ya waye ya buɗe akurki, sai ya ga soson ya ƙare daga ƙasa har iyakar tsawon wuyan kaza, an yanke shi daidai kamar da ma'auni. Kaji shida suna kallonsa, kowace da farin ɓarɓashi a baki. Kofur ya miƙe wuya zai yi cara, sai shaƙuwa ta fito.

Injiniya ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya kara a kunne ya girgiza, ko zai ji ƙarar soso. Ya ɓamɓare ragowar, sannan ya ɗauki tsinke ya wuni yana bin su a tsakar gida, duk wadda ta tsuguna sai ya durƙusa ya bincika. Bai je shago ba ranar.

"Me sakamakon ya nuna, likita?" Anti Tela ta tambaya daga sama.

"Yana fita."

"Alhamdu lillahi. Ka tara, ka sake liƙawa."

Kajin dai ko a jikinsu. Shi kuwa ya ce wannan ai gwaji ne, kowane babban aiki da gwaji ake fara shi.

Dabara ta biyu a kicin ta zo masa. Ya miƙa hannu bayan firij ɗin Inna zai ɗauko murfin da ya faɗa, ya ji ɗumi. Ya daki goshi. Ga shi kullum yana gani a shago: firij ta gaba sanyi yake bayarwa, ta baya zafi. Zafi na banza, yana tashi ba mai amfana. Da magariba ya lallaɓo da kajin a kwali, ya ɗan ja firij ɗin, ya tura kwalin a baya, ya rufe da murfin tukunya.

Da sassafe Inna ta shigo ɗora ruwan zafi. Ta kunna fitila. Kofur, wanda ya kwana a saman firij daidai tsayin kunnenta, ya ga haske, ya sauke mata cara cikakkiya wadda soso ya hana shi jiya. Buta ta yi gabas, Inna ta yi yamma. Da Injiniya ya shigo a guje, kaza ɗaya tana cikin kwanon gari ta koma fara, biyu suna kan kantar kofuna suna zaɓen wanda za su ture, Mai Safa kuwa ta shige babbar tukunya ta kwanta, kanta kawai ake gani.

Inna ta dafa bango tana mayar da numfashi.

"Shekara da shekaru ubanka yana kiwon kajin nan, ban taɓa tarar da ɗaya a tukunyata da ranta ba."

"Inna, amma taɓa ki ji. Da ɗuminsu."

"Ni ma da ɗumina. Fitar min da su."

Ya kwashe su ya mayar akurki, ya goge kicin, ya tafi shago da gari a gira.

To shagon Oga yana da ƙa'ida ɗaya da ba a rubuta ba. Firij ɗin da aka gyara, yana jiran mai shi, a bangon dama yake tsayawa. Wanda ya mutu murus, sai dai a ciri kayan jikinsa, a bangon hagu. Abin da Injiniya bai sani ba shi ne, jiya da yake gida yana bin kaji da tsinke, sanyi ya ishi Oga, ya ga rana ta bangon dama take shigowa, ya sa aka kwashe gyararrun aka mayar hagu, aka tura matattun bayan shago, ya dasa kujerarsa a hasken rana. Yau kuma ya fita aikin gida, ya bar mabuɗi wajen mai faci.

Injiniya ya buɗe shago, ya dubi bangon hagu, ya ga matattun yau duk suna sheƙi. Ya ce lallai mutane sun iya almubazzaranci. A tsakiyarsu ga wani dogo mai ƙofar gilashi, irin na sa lemo a kanti, da kantoci huɗu.

Ya tsaya. Ya ji wani abu yana tasowa daga ƙirjinsa, irin abin da masu ƙirƙira suke ji, ko kuma irin wanda ake ji kafin a yi ɓarna. Bai taɓa iya bambance su ba.

Mataccen firij ai ɗaki ne da sanyi bai san hanyar shigarsa ba. Sosonsa a cikin ƙarfe yake, ba bakin kazar da zai kai gare shi. Ba kyanwa, ba ɓera. Ga kuma gilashi, Inna ta riƙa ganinsu daga taga in ta ga dama.

Ya ari kurar mai faci ya turo shi har gida, yaran layi da manyansu suna biye. Ya kafa shi a tsakar gida, ya shimfiɗa kwali a kowace kanta, ya zuba garin katako, ya gitta sanduna. Da yamma ta yi ya zuba kajin. Kofur ya haye kantar sama ya tsaya yana duban jama'a ta gilashi kamar mai gidan haya.

"Bene hawa huɗu," Injiniya ya gaya wa mutanen da suka cika ƙofa. "Ku da kuke dariya, waye a cikinku yake kwana a hawa na huɗu?"

"Haya nawa ne?" wani ya tambaya.

"Akwai ruwa da wuta?"

"Injiniya," Anti Tela ta kira, "in na zo sayen lemo wacce zan ɗauka?"

Inna ta ɗaga labule, ta dubi firij, ta dubi ɗanta, ta saki labulen.

Shi dai ba wawa ba ne gaba ɗaya: ya saƙala cokali a bakin ƙofar don su samu numfashi. Amma da safe gilashin ya yi fari da raɓa, ruwa yana bin jikinsa ta ciki. Ya buɗe, wari ya mare shi. Numfashin kaji shida ya kwana yana taruwa yana ɗigo musu a ka. Suka fito a jiƙe, gashi ya manne, kowace ta koma rabinta. Mai Safa ta taka dandaɓe cikin sanyin safiya, ta tsaya, ta yi atishawa.

Wannan 'yar atishawa ta fi duk dariyar layi shigarsa. Ya sure ta ya cusa cikin rigarsa, ya tsuguna a jikin bango inda rana ta fara taɓawa. Zuciyarta tana bugawa a kan tasa, da sauri, da sauri, kamar ƙaramin agogo. Ba ta da nauyin komai. Ya yi mamakin yadda abu marar nauyi haka yake iya danne mutum. Gobe Asabar.

"Iska," ya ce da ita. "Iska ce babu. Ƙaramar matsala."

Ya kashe wayarsa don kada Oga ya dame shi, ya ɗauko injin huda ƙarfe, ya zagaya bayan firij. Ya huda, ya huda, a jere, layi-layi, har da ɗan ado. Yana cikin yi sai ya ji fsssss, doguwa, wani farin tururi ya fito ya sanyaya masa yatsu. Ya ja da baya yana jira ta ƙare. Ta daɗe ba ta ƙare ba.

"Me ke huci?" in ji Anti Tela.

"Ragowar gas ne. Mushe ma yakan yi ajiyar zuciya."

A ransa ya ɗan yi mamakin mushe mai dogon numfashi haka, amma ya ture tunanin. Ya bar ƙofa a buɗe iska ta wanke shi, ya canja garin katako. Da yamma ya mayar da kajin da suka bushe, ya cire cokalin tunda ga ramuka, ya ɗauko bargon Baba ya lulluɓe gaba da gefe, ya ɗaure da igiyar shanya, ƙullin da shi kaɗai ya san kansa.

Safiyar Asabar ita ce ta fi kowacce sanyi. Ya ɗaga gefen bargo ya leƙa: gilashi garau, kaji a bushe, suna barci cikin duhu ba ko motsi. Ya kusa rawa. Ya ce bari ya bar su sai rana ta ɗaga, shi kuma ya je ya sayo ma'aunin zafi, don in Kawu ya zo kada a yi ta musu da baki, a nuna masa lamba.

Kanti uku ya shiga kafin ya samu. Ya dawo yana fito, ya ga motar Kawu a ƙofar gida, da kwando a kujerar baya. Ya gyara wuyan riga ya shiga.

A tsakar gida ba komai sai sawun ƙafafun firij huɗu a ƙasa.

"Inna. Ina firij?"

Inna tana zuba wa Kawu shayi. "Oganka ya aiko mota. Ya ce tun jiya yake nemanka, na wata Hajiya ce mai sabon kanti a babban titi, yau take buɗewa. Masu ɗaukar har sun yaba maka, sun ce an naɗe musu shi tsaf."

"Na Hajiya? Ai matacce ne."

"Ya ce tun farkon mako ya gama gyara shi."

"Inna... kajin."

"Suna akurki mana."

Ƙofar akurki a buɗe take, iska tana kaɗa ta.

"Wayyo," in ji Anti Tela daga sama, karo na farko ba dariya a muryarta. "Na zaci ka fitar da su. Ko ƙyas ba su ce ba da ake ɗauka."

Inna ta ajiye butar shayi. Tun rasuwar ba ta wuce ƙofar gida ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi a hannu, tana yafawa tana tafiya.

"Yaya, tashi motar."

Kawu mutum ne da ke tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai. Injiniya yana baya, gefen kwando, ma'aunin zafi a hannu.

"Jona shi za su yi?" Kawu ya tambaya.

"Kanti ne, Kawu."

"To ko ba komai ba za su lalace ba."

"Yaya!"

"Ni ta'aziyya nake masa."

Duk garin nan, da titunansa da lungunansa, wuri ɗaya ne ya fi tsakar gidansu sanyi, Injiniya kuma ya bi ya nemo shi, ya turo shi a kura, ya shimfiɗa masa garin katako.

Tun daga nesa suka jiyo kiɗa. An jera kujerun roba a gaban sabon kantin, an ɗaura balan-balan, lasifika tana girgiza gilashin maƙwabta. A bakin ƙofa ga firij a tsaye cikin bargo mai ruwan toka. An gwada ƙullin an kasa, an aika neman almakashi, amma an jona wayar tun ɗazu don ya fara ɗaukar sanyi. Oga yana gefe ya harɗe hannu, ya sa rigarsa ta fita.

Injiniya ya diro tun motar ba ta tsaya ba, ya ratsa kujeru, ya ɗora tafinsa a kan bargon. Injin yana aiki. Ya ji rawarsa a hannu, a hankali, ba fashi, ta cikin bargon da har yanzu yake da ɗan ƙamshin mai shi. Ya kasa jan igiyar. Muddin bai ja ba, shida ne.

"Kai!" Oga ya taso. "Ɓarawon firij!"

Daidai nan aka kashe kiɗa, Hajiya mai kanti ta karɓi abin magana. Mace ce mai jiki da murya, ta gode wa jama'a, ta nuna firij da hannu mai zobba.

"Wannan kuwa, mai gyara ya tabbatar min, duk titin nan ba mai sanyinsa. Abin da ka sa a ciki..."

Daga cikin bargo aka yi cara.

Hajiya ta dubi Oga. Oga ya yi gyaran murya.

"Wani lokaci injin, in sabon gyara ne, yakan ɗan..."

Aka sake yi, wannan karon da ja a ƙarshe.

"Sabon samfuri ne?" wata ta tambaya daga kujeru. "Yana tashin mutum da asuba?"

Injiniya ya fizgi bakin igiyar, ƙullin ya warware, bargo ya zube.

Fitilar cikin firij tana ci. Ashe tunda aka jona Kofur ya ga gari ya waye yake ta aikinsa, kiɗa ne ya danne shi. Ga shi a hawa na huɗu ya buɗe ƙirji. Biyu suna tonon garin katako, biyu suna gyaran gashi, Mai Safa tana kantar ƙasa ta baje, ga ɗan ƙwai kamar goro a gefenta. Injiniya ya ƙirga da ido, ya sake ƙirgawa da yatsa. Ya ja ƙofa. Iska mai ɗumi ta fito, da warin akurki, ta bi layin farko na manyan baƙi.

Mai hankali a nan zai yi shiru ya gode wa Allah. Injiniya ya cusa ma'aunin zafi a ciki, ya zaro, ya ɗaga sama.

"Kawu! Zo ka karanta! Wa ya ce rawar ɗari? A cikin firij, an jona, kuma da ɗuminsu! Na ce muku ni da sanyi mun san juna!"

Hajiya ta matso a hankali, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta zura hannu ciki. Ta daɗe.

"Malam mai gyara," ta ce, abin magana yana bakinta, lasifika tana kai wa har tsallaken titi, "ina sanyin?"

Oga ya zagaya baya. Aka ji wata ƙara irin ta wanda aka taka wa yatsa.

"Ramuka! Ya huda min bututun gas! Har da ado ya yi!"

"Iska ce babu, Oga."

"Yanzu ga ta nan ko'ina!"

"A bangon hagu yake, Oga. Hagu na matattu ne."

"Na canja!"

"Ba ka sanar ba."

"Wa zan sanar? Kana gida kana bin kashin kaji, duk layi an gaya min!"

Jama'a suka kece. Dariyar ce ta firgita Kofur. Ƙananan kajin nan kuwa, abin da suka rasa a jiki sun samu a fiffike. Ya tashi daga hawa na huɗu ya wuce kan Hajiya ya sauka a kan lasifika, matansa suka biyo shi. Ɗaya ta faɗa tiren biskit, ɗaya ta shige kanti ta bi layin gwangwanaye tana zubarwa, ɗaya ta taka balan-balan ya fashe, wani dattijo ya kwanta ƙarƙashin kujera. Injiniya ya yi tsalle zai cafke ta kan tebur, ya kama zanen teburin, ya taho da shi da duk abin da ke kai. Ya tashi da lemo a gashi, ma'aunin zafi ya karye a aljihu.

"A rufe ƙofa!"

"A buɗe ƙofa!"

"Kada ku taka min su!" Wannan muryar Inna ce, ta fi lasifika. Mutane suka daskare da ƙafa ɗaya a sama.

Kawu ne ya kawo kwando. Aka bi su ɗaya ɗaya, masu kwalliya suna rarrafe tsakanin kujeru, har aka haɗa biyar. Kofur ya ƙi saukowa sai da Inna ta tsaya ƙarƙashin lasifika ta miƙa hannu, ya dube ta da ido ɗaya, ya taka ya sauko wuyan hannunta.

Oga ya yi wa Hajiya rantsuwar kawo wani firij kafin la'asar, sannan ya juyo ya kama kunnen rigar Injiniya.

"Ranar Litinin za ka toshe ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Kai za ka yi. Ni zan riƙe maka fitila, in ga ta inda hankalinka yake zuba."

"To, Oga."

"Ƙwan kuma nawa ne," in ji Hajiya. "A firij ɗina aka yi shi."

Kawu ya ɗaure murfin kwando, ya ɗaga, ya auna nauyinsa a hannu.

"To, alhamdu lillahi. Tunda sun riga sun shiga kwandona, sai in sauke ku in wuce."

Injiniya ya tsaya a tsakiyar titi, lemo yana bin bayan kunnensa, yana kallon gashin ƙafar Mai Safa da ya leƙo ta ramin kwando.

Inna ta miƙa hannu biyu ta karɓi kwandon daga hannun yayanta, kamar za ta taya shi riƙewa. Ba ta mayar ba.

"Bar su, Yaya."

"Ke da kika ce ba za ki iya..."

"Sun ci soso. Sun kwana a tukunya. An jiƙa su, an ɗaure su, an ɗora su a mota, an jona su da wuta." Ta gyara riƙon kwandon a ƙugu. "Kajin da suka rayu a hannun wannan yaron, ba sanyin da zai kashe su."

Kawu ya dubi kwandon, ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya buɗe mata mota.

Rana tana faɗuwa suka sake su a tsakar gida. Ba wanda ya nuna musu hanya. Suka sha ruwa, suka shige tsohon akurkin, suka haye sanda ɗaya su shida, suka matsu har ba a gane inda wata ta ƙare wata ta fara. Kowace ta buɗe gashi ta kumbura, ta zauna a kan yatsunta. Inna tana tsaye, ba ta koma ɗaki ba. Injiniya ya tsuguna ya zura yatsa ƙarƙashin fiffiken ta gefe. Zafi rau, kamar burodin da aka sauke yanzu.

"Inna, kin san na lura da wani abu? Ita kaza da kanta zafi take fitarwa. Da za a samu ɗan bututu, da 'yar ƙaramar fanka, a jawo shi zuwa ɗakinki..."

"Injiniya."

"Na'am."

"Rufe akurkin."

Ya rufe. Ta bari ya juya baya, sannan ta sa hannu ta duba sakatar.